Ruwan Soda a Zanen Goyo

Ranar wata Laraba ce, bayan an gama cirar gyaɗa, kuma ban ga abin da zai fitar da ita daga raina ba. Amma kafin in kai ku ranar, bari in faɗi abin da ke damuna tun komai bai faru ba. Yarinyata ta fara rarrafe, ni kuwa a gidan sabulu nake aiki. Kullum da safe idan na shiga sai in bi tsakar gidan da ido: ga murhu uku, ga tukunyar mai tana tafasa, ga rijiya ba murfi, ga tarin kara inda kunama ke ɓuya. Duk na san inda haɗari yake. Ban taɓa sa kaina a cikin abubuwan da zan tsare ta daga gare su ba.

Sunana Dije. Ba ni da wani karatu mai zurfi, ajin yaƙi da jahilci da hukumar En'e ta buɗe wa mata a unguwarmu shi na shiga bara, don haka a yi haƙuri da rubutun. Na rubuta ne saboda sababbin da ke zuwa koyon aiki a wurinmu nan Kazaure, da kuma matan Roni da Gwiwa da Ɓaɓura da na ji sun fara sayen soda suna haɗa sabulu a gidajensu.

Gidan na Gwaggo Tabawa ne, ƙanwar mahaifin maigidana. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun ina yarinya nake ɗaukar mata tallan sabulu, da na yi aure kuma maigidan ya bar ni in ci gaba da shiga ina yi mata aiki. Aikin hawa-hawa ne. Sabuwar zuwa ɗiban ruwa take yi da hura wuta. Idan ta daɗe sai a ba ta tatar toka, wato a ƙona karan gero, a zuba tokar a tukunya mai huda, a riƙa zuba ruwa yana tsiyayowa ƙasa. Daga nan sai mai juyi, wadda ke riƙe muciya. A sama da kowa, in ka cire Gwaggo, sai mai haɗi, ita ke cewa ruwan toka kaza za a zuba wa mai kaza. Na bi waɗannan matakan har na kai juyi, shekara shida. Ruwan toka kuwa da yatsa ake gane ƙarfinsa: ki tsoma, ki murza, santsin da kika ji shi zai gaya miki. Wani lokaci a ɗan ɗiga a harshe. A duk gidan ba wadda ta kai ni wannan, Gwaggo da bakinta ta sha faɗa. Kowa ya san idan tsohuwa Iya Mairo mai haɗi ta ajiye aiki, ni ce.

Sai ɗan Gwaggo, wanda ke bin motocin gyaɗa zuwa Kano, ya zo mata da wani abu a gwangwani mai murfi. Fari ne, ɓawo-ɓawo kamar gishirin kanti. Ya ce sunansa soda, da shi 'yan birni ke yin sabulun sanda, mai tauri, wanda ba ya narkewa a kwano kamar namu na salo. Ya kuma ce abin yana da mugunta, sai wadda ta sani. Mako biyu bayan haka Gwaggo ta aika Roni aka zo da Asabe.

Asabe 'yar Roni ce, ta girme ni da kamar shekara takwas. Ta zauna Kano da mijinta har ya rasu, a can ta koyi aikin soda. Ta zo da wata doguwar safar hannu ta baƙar roba mai kaiwa gwiwar hannu, da taguwar maza mai dogon hannu wadda take sawa ko ana zafin da ya fi kowanne. Ranar da ta iso aka share mata rumfa guda, aka kewaye da zana, Gwaggo ta tara mu ta ce daga yau ba mai shiga rumfar nan sai Asabe. Ta dube ni ta ƙara da cewa, balle mai goyo.

Na ce to. A cikina kuwa ba to ba ne.

Ina juyi ina kallonta ta ƙofar zanar. Ruwa take fara zubawa a babban daro, sannan ta riƙa barbaɗa sodar da gwangwanin awo kaɗan-kaɗan, tana juyawa da sanda, tana kawar da fuska. Ruwan ya ɗau zafi har da tururi, ba wuta a ƙarƙashinsa. Sai ta bar shi ya huce, sannan a zuba cikin man gyaɗa, a juya har ya yi kauri, a juye a akwatin katako, bayan kwana uku a yanka. Idan za ta gwada ƙarfinsa ba ta sa yatsa. Gashin kaza take tsomawa ta bar shi ɗan lokaci, ta ciro ta duba yadda ya zagwanye. Na ce wa Iya Mairo wannan ai yanga ce irin ta waɗanda suka ga lantarki, mu da Allah ya ba yatsu goma me za mu yi da gashin kaza. Iya Mairo ta yi dariya ta ce in yi a hankali, kada in ƙone tun ban taɓa sodar ba.

Sabulun ya karɓu. Fatake daga Ɓaɓura suka fara zuwa ƙofar gida, kuma sai ka ji suna cewa a ba su na Asabe. Na Asabe. Man da na tace ne, wutar da na hura, muciyar da ta sa kafaɗata ciwo, amma na Asabe. Gwaggo ta daina kirana in duba mata komai. Idan an yi baƙi sai ta ce a kira Asabe ta nuna musu safar.

Da a nan abin ya tsaya da na daure. Amma akwai yarinyar. 'Yar farina ce, kun kuwa san yadda al'adarmu take: ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, idan ta yi kuka a gaban manya sai in yi kamar ban ji ba har wata ta ce in duba ta. A gidan surukai abin ya fi tsanani. Mahaifiyata ta rasu, da tana raye da a Gwiwa wurinta yarinyar za ta tashi, shi ya sa take bayana. Asabe kuwa ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba kunyar da ta ɗaure ta. Da ta wanke hannu sai ta zo ta sunkuci yarinyar, ta cilla ta sama, tana ce mata 'yar gidana, tana yi mata waƙa, yarinyar tana ƙyalƙyala dariya. A wurin Asabe na fara ganin haƙoranta biyu na ƙasa a fili, don ni sai mun shiga ɗaki nake iya buɗe bakin in duba. Ni kuwa ina riƙe da muciya ina kallonsu.

Ranar Litinin aka yi wa Asabe rasuwa a Roni, ta tafi ta ce sai Alhamis. Talata ga mutanen Ɓaɓura, ba sabulun da ya isa. Na sami Gwaggo na durƙusa na ce, Gwaggo, da za ki bar ni da na haɗa, duk na ga yadda ake yi. Ba ta ko ɗago kai daga tsintar wake ba, ta ce gani daban iyawa daban, a jira mai aikin.

Laraba da hantsi Gwaggo ta yi baƙi, wasu tsofaffi biyu 'yan'uwanta, suka shige ɗaki. Sauran mata suna can wajen suyar gyaɗa. Na kwance yarinyar na kwantar da ita a tabarma, nesa da rumfar sosai, don barci take. Na shiga. Safar tana rataye a ƙusa. Na sa ta, kuma ba zan ɓoye muku ba, na tsaya ina juya hannuna ina kallo kamar wadda aka yi wa sabon lalle. Na zuba ruwa, na barbaɗa sodar yadda na gani, gwangwani daidai adadin da na ga tana zubawa, na kawar da fuska. Komai ya tafi daidai. Na rufe daron na koma kan aikina, zuciyata fari tas. Niyyata idan ya huce in kira Gwaggo a gaban baƙinta in nuna mata.

Bayan azahar na koma na duba. Ya huce, saura ɗan ɗumi. Ga gashin kazar Asabe a soke jikin zana, amma ban ko kalle shi ba. Na tsoma yatsu biyu na murza. Santsi ne irin wanda ban taɓa ji ba, kamar yauƙin kuɓewa. Na ce a raina wannan ya yi ƙarfi mai kyau. Ban san ba ruwan ne ke santsi ba, fatata ce ta fara narkewa. Na goge yatsun a zane.

Daron yana kusa da ƙofa inda rana ta fara shigowa, na ɗauke shi na ɗora a kwankwaso zan matsar da shi ciki. A nan na ji sallamar Asabe a zaure. Ashe ta sami mota ta dawo da wuri. Na yi sauri, ruwan ya yi tambal ya zubo mini a kwankwason hagu, ya jiƙa zanen kamar faɗin faifai. Na dire daron na fito.

Ku ji abin da na yi, don shi ne dalilin rubutun nan. Ban yi tunanin ƙuna ba ko kaɗan. Ruwan toka kullum yana zubo mini, ya bushe, ba abin da ya taɓa yi mini sai ɗan kaushi. Abin da na yi tunani shi ne Asabe za ta ga jiƙar ta gane. Sai na je tabarma na ɗauki yarinyar, na saɓa ta a baya, na ja majanyi na ɗaure tamau yadda zai rufe wurin. Ƙafarta ta hagu ta kwanta daidai kan jiƙar.

Gwaggo da baƙinta suka fito tsakar gida ana yi wa Asabe ta'aziyya da sannu da hanya. Ni ma na durƙusa na gaishe ta, na ce Yaya Asabe ya haƙuri. Ba a jima ba kwankwasona ya fara ɗan ƙaiƙayi, ya koma kamar an shafa barkono. Yarinyar ta fara mutsu-mutsu, ta fara kuka. Na miƙe ina jijjiga ta, idona a ƙasa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce kai, wannan 'ya akwai kunya, ɗiyarta na kuka ko waiwaye. Aka yi dariya. Kukan ya canja, ya zama irin wanda ban taɓa ji a bakinta ba, numfashinta yana ɗaukewa kafin ya dawo. Na san wani abu ne. Na sani sarai. Amma in na kwance a nan, ga surukai, ga jiƙar zane, ga Asabe. Na yi ta jijjiga ina cewa a raina bari su shiga ɗaki tukuna.

Asabe ta miƙo hannu ta ce in kawo mata 'yar gidanta. Na ce a'a Yaya, barci take ji. Ta dube ni. Ta dubi hannuna, yatsun nan biyu sun yi jawur ina ta murza su a cinya. Ta waiwaya ta dubi rumfarta, safar tana rataye, amma ba yadda take rataye ta ba.

"Dije, kin taɓa sodar?"

Na ci gaba da jijjiga.

"Ina ya zuba?"

Ba ta jira amsa ba. Ta kama majanyin ta fizge, a gaban Gwaggo, a gaban baƙi, ta zare yarinyar daga bayana. Daga ƙaurin ƙafar har bayan cinya wurin ya yi ja, tsakiyarsa ya yi fari-fari yana sheƙi kamar an shafa mai.

A nan na kira sunanta. Da ƙarfi, har sau uku, a gaban ƙanwar surukina. Daga baya an daɗe ana yi mini tsiya da wannan.

Tsofaffin suka ce a kawo man shanu. Iya Mairo ta ce a fasa ɗanyen ƙwai, Gwaggo ta ce a'a, a shafa man a ɗaure da tsumma kada iska ta shiga, ƙuna ba ta son ruwa. Haka muka taso muka sani a ƙunar wuta. Asabe, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa Gwaggo murya ba, ta ce:

"Gwaggo, ki gafarce ni, wannan ba wuta ba ce. Yana nan yana ci har yanzu. Ruwa za a ba ni, duk ruwan gidan nan."

Ta tuɓe wa yarinyar komai, ta zauna a bakin magudana ta ɗora ta a cinya, ta karkata ƙafar yadda ruwan zai bi ƙasa ba tare da ya taɓa sauran jikin ba, ta ce a riƙa zubawa a hankali kada a tsaya. Randa ta ƙare, aka koma tuluna, mata biyu suka tsaya a rijiya suna jan guga. Ni ina tsugune ina riƙe da kan yarinyar. Asabe ta ce in je bayan zana in cire zanen nan in yi ta kwara wa kaina ruwa. Na ce ba inda za ni. Ta ce wa Iya Mairo ta ja ni ko da tsiya, don wadda za ta yi jinyar yarinya ba ta da amfani in ita ma tana kwance. Da na cire zanen sai da wata fata ta biyo shi.

Da na dawo Asabe ta naɗe hannun taguwarta don kada ya jiƙe, abin da ba ta taɓa yi a gabanmu ba. Daga wuyan hannunta na dama har kusa da gwiwa tabo ne, fatar ta tattare ta yi ƙyalli. Daga baya ta gaya mini a Kano ne, farkon koyonta, kuma mai aka shafa mata aka ɗaure da tsumma har washegari.

Tun bayan azahar ake zuba ruwan nan har aka yi kiran la'asar. Sau biyu Gwaggo tana cewa ya isa haka, yarinya za ta yi mura. Asabe ta taɓa wurin ta ce har yanzu da santsi, a ci gaba. Sai da santsin ya tafi ta rufe ƙafar da wankakken ƙyalle sako-sako, aka aika aka kira maigidana daga kasuwa, muka tafi ɗakin shan magani na En'e. Asabe ce ta ɗauke ta, don bayana ba ya goyuwa.

Malamin asibitin ya duba ya tambaya me ya zuba, aka gaya masa. Ya tambaya me aka shafa, aka ce ba komai, ruwa kawai. Ya ce wa ya ba da wannan shawarar? Maigidana ya nuna Asabe. Malamin ya ce to a gode mata, da an ɗaure da mai da abin ya ci har nama, ƙila ƙafar ta ƙage. Ina zaune a benci, kwankwasona kamar garwashi, kuma Allah shi ne shaidata, a wannan halin ma sai da na ji zafin yabon da aka yi mata. Na faɗa ne don ku san irin ciwon da nake magana a kai.

Mun yi wata guda da kwanaki muna zuwa wankin ciwo. Yarinyar ta warke, tana tafiya daidai, tana gudu, sai tabo kamar tafin hannu a bayan ƙaurinta. Nawa ya fi nata girma. Yatsuna biyu sun saɓule sun sake fata, kuma har yau ba sa gane ƙarfin ruwan toka kamar da. Abin da nake taƙama da shi kenan a gidan.

Gwaggo ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta dai mayar da ni hura wuta tare da sababbin zuwa. Bayan an yaye yarinyar, Asabe ta sami Gwaggo ta ce tana son mataimakiya, kuma ni take so, don na haɗa daidai ranar nan, awon bai kuskure ba, kuma wadda soda ta taɓa ci ba ta sake wasa da ita. Yanzu shekara uku kenan muna rumfa ɗaya. An sayo safa ta biyu. Kafin a buɗe gwangwani sai an cika tulu huɗu an jera a ƙofa, kuma mai goyo ba ta shiga, ko wace ce.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne soda ba ta yin kashedi kamar wuta. Wuta da kin taɓa za ki janye hannu. Soda sai ta ba ki lokaci ki ɓoye, ki yi ƙarya, ki jira baƙi su tashi, ita kuwa tana ciki tana aikinta. Kuma duk wadda ta fi daɗewa a ruwan toka ita ta fi kusa da ƙonewa, don hannunta ya saba.

Ba zan ce muku zuciyata ta wanke tas ba. Yarinyar yanzu tana shekara biyar. Da safe idan mun shiga, sakin hannuna take ta ruga wurin Asabe tana Inna, Inna. Ni kuwa Dije take ce mini, yadda 'ya'yan fari kan yi. Idan yara suka tambaye ta tabon, sai ta ce soda ce ta cije ta, Inna ta kore ta da ruwa. Ba ta san wadda ta ɗaure ta a kan sodar ba. Asabe ba ta gaya mata ba, na kuma san ba za ta gaya mata ba. Ni zan gaya mata da kaina idan ta yi hankali, kuma ina tsoron ranar.

Roƙona gare ku kaɗan ne. Kada ku gwada soda da yatsa ko harshe. Idan ta zubo a tufa, ku cire tufar nan take, ko a gaban wa kuke. Ku yi ta zuba ruwa har ku gaji, ku ƙara, kada ku shafa mai, kada ku ɗaure, sannan ku tafi asibiti. Idan kuma ɗan da ke bayanki ya yi kukan da ba ki saba ji ba, 'yar'uwa, ko na fari ne, ko surukanki ne zaune, ki kwance ki duba.